Mama Mai Suna Hagu

Marta ba ta iya ƙarya ba, amma ta iya ajiye gaskiya a inda ba za ka duba ba. Ta yi mini, ta yi wa mutanen gidan da take wa aiki, ta kuma yi wa wata tsohuwa Bamisriya wadda ta kusa cinye gwiwoyinta wajen yi wa mahaifiyar Marta addu'ar samun lafiya, alhali mahaifiyar ta daɗe da kwanta dama.

A kasuwar Ataba na fara ganinta, cikin 1978, ina sabuwar zuwa Alƙahira. Mijina, Malam Abdussalam, ɗalibi ne a tsohuwar jami'ar nan ta unguwar Darrasa. Ya ɗauko ni daga Zariya da ɗan Larabcin littafi da na koya a gidanmu, irin wanda in ka yi shi a kasuwa masu shago kan kira maƙwabta su zo su sha kallo. Ina tsaye gaban mai tukwane ina jero masa nahawu, sai na ji an ce da Hausa a bayana, "Amarya, matsa. Wannan Larabcin na huɗuba ne, ba na sayen tukunya ba."

Na waiwaya na ga wata doguwar mace baƙa, da tsagar gado a kumatu biyu, da ƙaramin gicciye a wuya. Ta ture ni gefe ta kama ciniki. Larabcinta bai cika cokali ba, namiji ta mai da shi mace, mace ta mai da ita namiji, amma mai shagon nan sai da ya raka mu bakin titi yana sa mata albarka. Haushi ya kama ni sosai. Na bi ta ne kawai don ban san motar da zan hau ba.

Daga wani ƙauye take kusa da Malumfashi. Mahaifinta Bamaguje ne, ya shiga addinin Kirista tana yarinya, a nan ta samu sunan Marta. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Sabuwa, wadda a lokacin take makarantar horon malamai a gida. Ita kuwa girki ya kawo ta Masar, tana dafa wa iyalin Mista Iliya, wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu da ke zaune a unguwar Dukki. Daddawa da kuka ba sa yankewa a kicin ɗinta, saboda haka ɗaliban Darrasa, masu manyan rawuna da ƙananan tukwane, ba sa rasa dalilin zuwa gaida Mista Iliya daidai lokacin da tuwo ke sauka. Ta girme ni da kusan shekara ashirin. Ina ce mata Yaya Marta, ita kuma Amarya take ce mini, har na haifi 'ya'ya uku ba ta sake ba.

Bari in faɗi maganar tun yanzu, don ban iya jan rai ba. Kafin mu haɗu, Marta ta ji wani ƙulli a ƙirjinta ta ɓangaren hagu. Ta je wajen likita ita kaɗai, ya gwada, ya ce ciwon daji ne, ya ce in ana son ranta sai an cire nonon gaba ɗaya, kuma kada a daɗe. Ta yi masa godiya ta fito, ba ta sake komawa ba. Duk wanda ya ga ta yi shiru ya tambaye ta, sai ta ce, "Mama ba lafiya." Bahaushe kuwa ya san mama uwa ce, ya kuma san mama nono ne. Muryar faɗarsu ta ɗan bambanta, amma Marta ta iya laƙume kalmar ta fito da ita a tsakiya. Ba ta taɓa cewa "tana jin jiki" ko "yana jin jiki" ba. In an ce yaya jikin Mama, sai ta ce, "Da sauƙi," ko "Sai a hankali." Mu kuma muna ta Allah ya ba tsohuwa lafiya, tana amin.

Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba ran da ta zo ɗakinmu ta ce tana son aron bakina. Akwai wani tsohon coci a unguwar Masar Ƙadima da take zuwa ranar hutunta, akwai wata tsohuwa a can mai ba da labari, ita kuma rabin labarin ke zubewa kafin ya iso kunnenta. Na dubi Malam. Ya yi gyaran murya, ya kawo maganar malamai ta nan da ta can, har shayinsa ya huce, daga ƙarshe ya ce tafinta ba laifi ba ne, in je in dawo da imanina. Marta ta ce masa, "Malam, kada ka damu, ba zan taɓa shi ba. Nawa ma ya ishe ni ɗauka."

Ni dai son ganin ƙwaƙwaf ne ya kai ni. Unguwar a ƙasa take, sai an sauka matakala, a bi wasu lunguna na dutse da ba sa ɗaukar mutum biyu a jere. Cocin na wata shahida ce da suke kira Sitti Barbara. Ciki duhu-duhu, ƙamshin turare da na tsohon katako, ga hotuna jere a bango. A bakin ƙofa muka tarar da Ummu Girgis, gajeruwar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, ita ke shara tana kuma sayar da kyandir. Da ta miƙo hannu na ga ɗan gicciye shuɗi an tsaga mata a wuyan hannu. Na tambaye ta, ta ce tun tana jaririya aka yi mata, don in ta faɗi a inda ba a san ta ba, a san inda za a kai gawarta. Marta ta shafa kumatunta ta ce, "Gaya mata mu a fuska muke sa namu, don kada a wahalar da mutane da naɗe hannun riga."

Kullum Marta kan sayi kyandir ta kunna, ta ce, "Mama ayyan," wato Mama ba lafiya. Ummu Girgis ta san Larabcin Marta ba ya bambanta mace da namiji, don haka ta ɗauka uwa ce kwance a Najeriya. Sai ta dafa ta ta ce, "Ma'alish ya habibti," wato yi haƙuri ƙaunatacciya, ta durƙusa ta kama addu'a. Har mai take ƙulla mata a ɗan kwalba wai a aika wa tsohuwa ta shafa. Man yana isa inda aka nufa, ba tare da ya hau jirgi ba.

Labarin Barbara shi ne na farko da na fassara. Wai 'yar wani attajiri ce mai bautar gumaka, ya kulle ta a hasumiya saboda kyanta. Ta karɓi addinin Almasihu a ɓoye. Da uban ya gane, shi da kansa ya kai ta gaban hakimi. Aka yi mata bulala har fata ta yayyage, aka jefa ta kurkuku, da gari ya waye aka tarar jikinta sumul kamar ba a taɓa ta ba. Aka sake kamawa, aka ƙona ta da wuta, aka yanke mata nonuwa, aka tuɓe ta za a zaga gari da ita, sai aka lulluɓe ta da wani haske, ba wanda ya ga tsiraicinta. Daga ƙarshe uban ya sare kanta, tsawa kuma ta faɗa masa a hanyar gida.

Na ɗauka Marta za ta yi kuka ko ta yi tasbihi irin nasu. Sai ta ce, "Tambaye ta, da aka yanke, ina aka kai su?"

Na ce, "Yaya Marta, wace irin tambaya ce wannan?"

"Ke dai tafinta ce. Tambaye ta."

Na tambaya. Ummu Girgis ta dube ta da mamaki. Ta ce tun tana yarinya take jin labarin nan, ba wanda ya taɓa tambayarta haka. Marta ba ta tsaya ba. Ta ce to fatar da ta warke da safe, tsohuwar ce aka ɗinke ko sabuwa aka kawo? In sabuwa ce, tabon da take da shi tun ƙuruciya ya dawo ko ya tafi? Ranar tashin matattu, Barbara da nonuwanta za ta tashi ko yadda aka binne ta? Ni kunya ta ishe ni, ina fassarawa ina kallon ƙasa. Tsohuwar kuwa daɗi ta ji. Ta ajiye tsintsiya ta jawo benci, ta ce mu zauna, ta daɗe ba ta samu mai saurare irin wannan ba.

Haka muka ɗauki watanni. Na ji labarin wadda aka sare kanta nono ya zubo maimakon jini. Na ji na wadda aka daddatsa aka kuma mai da ita ɗaya. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda masu labarin ba sa gajiya da jikin matan nan. Namiji in ya yi shahada, a sare shi a wuce wurin. Mace kuwa sai an bi ta gaɓa-gaɓa, gashi, haƙori, ƙirji, fata, sannan a ce duk wannan bai taɓa ta ba. Na faɗa wa Marta haka a jirgin ƙasa muna komawa. Ta ce, "To in bai taɓa ta ba, wa aka yanka?" Ni kuwa ba na son a kayar da ni a magana, don haka na yi fushi har tasha biyu.

Hotunan ma sun dame ta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kyandir, ta dawo ta ce duk fuskarsu ɗaya, manyan idanu da ƙaramin baki, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ta ce yaya ake gane wannan daga waccan? Ummu Girgis ta ce da abin da ke gefensu. Mai hasumiya ita ce Barbara, mai ƙafar keke mai ƙayoyi wata ce, mai 'yan mata kewaye da ita wata ce. Marta ta ce, "Wato da abin da aka wahalar da ke ake gane ki." Sannan ta ce in haka ne ita da muciya za a zana ta.

Labarin da ya fi zama mata shi ne na Marina. Wannan ba a yanka ta ba. Ubanta ne zai shiga gidan masu zuhudu na maza, ta ƙi rabuwa da shi, ta aske kai ta sa kayan maza, aka karɓe ta a matsayin saurayi. Ana nan wata yarinya ta yi ciki ta ce shi ne. Kalma ɗaya za ta wanke ta, ko buɗe riga sau ɗaya, amma ta yi shiru. Aka kore ta, aka miƙa mata jaririn, ta rene shi a bakin ƙofa. Sai da ta mutu, aka zo wankan gawa, sannan mazan nan suka ga wadda suka zauna da ita.

Marta ta ce, "Masu wanka dai. Komai ka ɓoye, su ne ke karanta shi." Ta sa aka maimaita mata wurin wankan. Ni na ɗauka daɗin labari ne.

Asiri ya tonu ne ta hanyar kirkin Ummu Girgis. Wata rana ta ce ciwon Mama ya daɗe, kyandir kaɗai bai isa ba, za ta ba Abuna, wato limaminsu, sunan tsohuwa ya ambata a bagade. Ta ce, "Ismaha e?" Na juya na ce, "Wai yaya sunan Mama?"

Marta ta dube ni, ta dubi hoton Barbara. A cikin coci take, ga kyandir a hannunta, ƙarya kuma ba ta iya ba. Ta ce, "Hagu."

Ummu Girgis ta ce, "Hagga?" Haka Misrawa ke faɗin Hajiya. Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce ashe uwar Musulma ce har ta je Makka, ma'alish, Ubangiji ya san nasa, za a ambace ta. Ta tafi tana maimaitawa don kada ta manta.

Ni kuwa na tsaya da kalmar a baki. Na san Bahago, na san Bahaguwa, amma ban taɓa jin wadda aka raɗa wa Hagu ba. Sai abubuwa suka fara dawo mini. Marta ta daina rataya jaka a kafaɗar hagu. In mota ta cika, takan kare ƙirjinta da hannu. Ba ta taɓa cewa za ta je gida duba tsohuwa ba, ita da ke kuka in ta ji akuyar maƙwabta ta mutu. Na ja hannunta muka fita, muka tsaya a jikin katangar maƙabartar da ke bayan cocin.

Na ce, "Yaya Marta, yaushe mahaifiyarki ta rasu?"

Ta ce, "Shekarar da aka yi fara."

"Tun yaushe likita ya gani?"

Ta gaya mini. Na ji tsoro, tsoron kuma ya fito mini a faɗa, don haka nake. Na ce ta mai da mu sakarkaru, ta sa tsohuwa na ta durƙuso a kan dutse, ta sa malamai masu gemu suna yi wa nono addu'a bayan sallar Magariba. Ta fashe da dariya har ta riƙe gefen da ke ciwo. Ta ce, "Ai ba a yi asara ba, Amarya. Mai karɓar addu'a yana jin Hausa."

Da dariyar ta lafa ta gaya mini dalilinta. Ba wuƙa take tsoro ba, macen da ta haihu a ɗakin kara ba ta tsoron wuƙar likita. Kakarta ce ta taɓa ce mata mutum ya yi ƙoƙari ya koma yadda ya zo, don waɗanda suka riga shi su gane shi. Ta ce ta san ba haka fasto ke koyarwa ba, amma maganar kaka ta riga ta fasto shiga kunnenta. Ta ce a asibiti abin da aka yanke a bokiti ake sa shi, ita kuma ba za ta bar naman jikinta a bokitin Masar ba. Sai ta ƙara da wata magana da ban gane ba a lokacin. Ta ce, "Kuma wannan ɗin ba nawa ba ne ni kaɗai." Na tambaye ta na wa, ta ce in bar maganar.

Ta kuma amsa cewa da farko abin da ya kawo ta wurin Barbara shi ne warkewar nan ta dare ɗaya. Tana shafa mai ta kwanta, da safe ta laluba. Amma da ta ji labarin da kyau ta bakina, sai ta lura da abin da ya wuce ta a da. Ta ce, "An warkar da ita, gari ya waye, aka sake yanka ta. Ashe ba hana wuƙa aka yi ba."

Na rasa yadda zan yi da ita. Na tambayi Malam a kaikaice, wai wata ce, ya ce a wurinmu ko kan yatsa ba zai ɓace ba ranar tashi, duk inda ya faɗi za a tattaro shi. Na kai mata wannan da zafinsa. Ta ce ta gode wa Malam, amma shi bai taɓa rasa ko haƙori ba.

Dole muka gaya wa Ummu Girgis, ni kuma aka bar wa aikin bayyana mata cewa Hajiyar da Abuna ya ambata a bagade ba ta taɓa zuwa Makka ba. Tsohuwar ta saurara, ta dubi ƙirjin Marta, ta dube ni. Ta zauna a ƙasa ta yi dariya har hawaye, sannan hawayen suka zama na gaske, ta tashi ta kai wa Marta duka a kafaɗar dama. Sai na gaya mata maganar kakar Marta. Ta kama hannunta ta kai mu wani ɗan ɗaki a gefe, inda aka ajiye wani abu mai kamar guntun turmi, naɗe da jan karan-miski, mata na taɓawa suna shafa fuska. Mun sha wuce shi. Ta ce a ciki akwai ƙashin Sitti Barbara.

Marta ta auna shi da ido ta ce, "Duk ita ce a nan? Ai ko ɗan akuya ba zai shiga ba."

Ummu Girgis ta ce a'a, ɗan kaɗan ne. Saura na wata ƙasa, wani na wata, ita ma ba ta san iyakarsu ba. Haka shahidai suke, hannu a nan, kai a can.

"To in kin kira ta a nan, wa ke amsawa? Guntun?"

Tsohuwar ta ce, "Ita. Dukanta." Ta faɗe shi yadda za ka gaya wa baƙo inda ake sayar da burodi.

Marta ta daɗe tsaye. Ta ɗora tafin hannunta a kan karan-miskin, ba irin taɓawar masu neman tabarraki ba, irin yadda ake taɓa goshin yaro a ji ko da zazzaɓi. A jirgin ƙasa, da muka kusa sauka, ta juyo wurina. Ta ce, "Amarya, kin iya wankan gawa?" Na ce na taɓa taya gwaggota. Ta ce to za ta koma wajen likita, amma da sharaɗi. Abin da aka cire a ba ta kayanta, ni in wanke, a binne shi a ƙasa kamar na mutane, a inda za a iya kwatantawa. Kuma kada Sabuwa ta ji.

Likitan bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya ce ba ita ce ta fara roƙon haka ba. Matar Mista Iliya ta yi kuka ta yi faɗa, ta kuma tsaya a kan komai har aka yi aikin. Da likitoci suka gama gwaje-gwajensu aka miƙo mini abin da aka cire a naɗe. Marta ta riga ta sayi farin yadi a Ataba, ta yanka da kanta, ta kuma yi ciniki a kansa kamar kullum.

Na wanke shi a ɗakin Ummu Girgis, a cikin sabuwar tasa.  Ban taɓa jin tausayin wani abu kamar yadda na ji na wannan ɗan naman ba, shi kaɗai, nesa da gida, nesa da mai shi. Ɗan'uwan tsohuwar shi ke gadin maƙabartar, ya haƙa mana rami a gindin wata bishiya kusa da kabarin danginsu. Ummu Girgis ta yi addu'arta da yarensu na coci. Ta juyo ta dube ni, alamar saura ni. Na laluba duk abin da na karanta ban sami addu'ar da aka tanada don wannan ba, sai na ce da Hausa, "Allah ya sada ka da mai kai." Tsohuwar ta ce amin, mai gadi ya mai da ƙasa.

Da Marta ta farfaɗo sosai, abin da ta fara tambaya shi ne wace irin bishiya ce, kuma ina ya fuskanta. Ta warke. Ta ɗinka wa kanta 'yar jaka ta cusa auduga, tana sa wa a riga, tana cewa ko ba komai ta samu audugar Masar a inda ba kowa ke sa ta ba. Ranar hutunta ba ta fasa zuwa coci ba, sai dai yanzu takan fara biyawa ta bayan katanga. Ummu Girgis kan tare ta da, "Izzay el-Hagga?" ita kuma ta ce Hajiya na nan lafiya, tana gaisuwa. Bayan shekara biyu aka mai da Mista Iliya gida, ta bi su. Mu ma daga baya muka koma Zariya.

Cikin 1988, ina tsakar gida ina tankaɗe, aka yi sallama. Wata mace ce doguwa, da goyo, ba tsaga a fuskarta, amma tsayuwar na gani na san ko 'yar wace ce. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ni ce Sabuwa. Mama ta rasu wancan watan."

Na yi kukana, ta jira ni. Sannan ta ce ciwon ne ya dawo ta wani wuri. Ta ce da ciwo ya yi tsanani Marta ba ta yarda kowa ya canza mata riga, har ita. Sai da aka zo wanka, matan coci suka kira ta ɗaki, ta ga jakar auduga, ta ga tabo. Ta ce, "Inna, shekara kusan goma ina kwana ɗaki ɗaya da ita in na je gida. Me na yi mata da za ta ɓoye mini?" Fushi take, irin fushin da ba shi da wurin sauka.

Ta ce kafin Marta ta cika ta ce mata, "Ki je Zariya wurin Amarya, matar Malam Abdussalam, ta gaya miki inda ta binne mama." Sun ɗauka zafin ciwo ne, don ga Mama a gabansu, kuma su ne za su binne ta. Sai a wurin wanka maganar ta dawo mata.

Na ba ta labarin tun daga tukunyar Ataba. Ta yi dariya a wurin malamai masu gemu, ta sunkuyar da kai a wurin Marina. Da na zo kan sunan da aka ba Abuna, na ce, "Sai ta ce masa Hagu," sai na ga ta daina jijjiga goyonta.

Ta ce, "Na hagu ne? A wurin wanka ban iya tsayawa na lura ba."

Na ce na hagu ne.

Ta ce, "Tun ina yarinya take tsokanata da shi. Wai da aka haife ni na ƙi na dama ƙememe, ko an matsa mini sai in kau da kai. Har aka yaye ni ɗaya na sha. Takan ce na dama nata ne, na hagu na Sabuwa ne, ajiya na ba ta."

Sai a ranar na gane maganar da Marta ta yi mini a jikin katanga, na kuma gane abin da ya hana ta faɗa. Kunyar mai ajiya ta ji.

Sabuwa ta kwanto yaron ta sa shi a cinya, ta daɗe tana kallonsa. Fushin ya tafi, abin da ya rage ya fi shi nauyi. Ta ce, "Inna, wurin yana da wuyar ganewa?"

Na ce ba shi da wuya. Na ture tankaɗen gefe, na share ƙasa da tafin hannu, na fara zana mata hanya da yatsa, daga tashar jirgin ƙasa zuwa gindin bishiyar.